Dariyar Auta a Ranar da Hedimasta Ya Faɗi

"Ja tef ɗin ya miƙe, 'yata. In kika auna a sake, labulen zai zo yana sharar ƙasa, surukarki kuma ta ce ni ne ban riƙe da kyau ba."

Hedimasta ne yake wannan magana, yana tsaye a gefen tagar falonsa, ya danne bakin tef da babban yatsa. Shekara tara ke nan da ya bar aikin makaranta, amma har yau ba mai kiransa da wani suna a unguwar. Mutum ne mai kamun kai. Rigarsa kullum a goge, maɓallin wuya a rufe, kuma ba a taɓa jin sautin dariyarsa daga ƙofar gida ba. In abu ya yi masa daɗi, sai ya shafa gemunsa ya ce, "To, madalla."

Auta, matar ɗansa, tana tsaye a kan kujera tana awon tagar. Tela ce. Wata goma sha huɗu ke nan da aurenta da Dogo, mai gyaran firji, wanda shi kaɗai ne ɗa a gidan. Ita ta ga labulen falon ya koɗe, ta ce za ta ɗinka sabo.

"Saba'in da biyu, Baba."

"Saba'in da biyu na me? Inci ko santimita?"

"Inci, Baba."

"Yawwa. Sai a riƙa faɗa."

Daga kicin Mama ta ɗaga murya. "Malam, ka bar yarinya ta yi aikinta mana! Ka mai da falo aji. Ka sha maganin hawan jinin kuwa?"

"Zan sha."

"Zan sha, zan sha! Haka ka ce jiya!"

Auta tana murmushi tana rubuta lamba a takarda, sai ta ji tef ya saki a hannunta. Ta waiga. Bakin Hedimasta ya karkace gefe ɗaya, idonsa yana kanta kamar yana son faɗin wani abu. Ya sulale a jikin bango, ya ture teburin da rediyo da tabaransa suke kai, ya zube ƙasa.

Ta diro daga kujera. "Baba! Baba!"

Bai amsa ba. Ta durƙusa, ta juya shi gefe, ta kwance maɓallin wuyansa. Ta lalubo waya. A nan ne abin da ta fi tsoro a duniya ya taso mata daga ƙirji.

Sai na ɗan tsaya in gaya muku wani abu game da Auta. Tun tana ƙarama, in ta tsorata, dariya take yi. Ba ta ganin dama ba ce. Cikinta zai ɗaure, tafin hannunta ya yi sanyi, sai dariya ta ɓalle mata kamar tari, kuma iya girman tsoron iya ƙarfin dariyar. A makaranta ta sha bulala biyu a laifi ɗaya saboda haka. Ranar da kakarta ta rasu, a ɗakin ajiya aka kulle ta don kada masu zuwa su ji. Dogo ya san da wannan tun kafin aure. Ya je gyaran firji a gidansu, wuta ta ja shi ta yar, ya buɗe ido ya ga wata yarinya tana ƙyalƙyala dariya a kansa. Ya yi niyyar ya ji haushi, amma da ta miƙo masa ruwa, ya ga rabin kofin ya zube saboda rawar hannu. Daga ranar ya fara neman dalilin komawa duba firjin. Da aure ya matso, ita ce ta roƙe shi kada ya faɗa wa iyayensa. Kunya take ji. Shi kuma ya ce ai ƙaramin abu ne.

To, Mama ta fito da gudu daga kicin, da ludayi a hannu. Ta tarar da mijinta a ƙasa, miyau yana zuba daga bakinsa, matar ɗanta kuma tana durƙushe a kansa tana dariya har da riƙe ciki. Maƙwabta biyu da suka ji ƙarar faɗuwa suka shigo, su ma suka gani. A waya kuwa, abin da Dogo ya ji shi ne, "Baba ya faɗi — ka zo — ka zo da mota!" a cikin wata dariya da ba ta yankewa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma Allah ya sa an kawo shi da wuri. Aka ba shi gado. Da Auta ta taso daga benci za ta bi su ciki, Mama ta tare ƙofa da hannu.

"Ina za ki?"

"Mama, don Allah ku saurare ni…"

"Na saurare ki ɗazu. Duk unguwa ta saurare ki! Me bawan Allahn nan ya yi miki? Shi da ko ruwa aka kawo sai ya ce a ajiye wa 'yarsa? Fita daga idona!"

Dogo ya yi ƙoƙarin yin bayani, a ranar da kuma washegari. Ya ce hali ne, tun tana yarinya, tsoro ne yake sa ta.

"Tsoro?" in ji Mama. "Shekarata sittin a duniya, na ga masu tsoro. Wasu su yi kuka, wasu su suma, wasu su gudu. In gaskiya ne, me ya sa ban taɓa ji ba sai yau? Yau ka ƙirƙiro, don ka rufa mata asiri. Ka ji ni da kyau: ko ita ko ni. Ka ba ta takardarta."

"Mama, a bari Baba ya samu sauƙi tukuna."

"Na bari. Amma ranar da ya miƙe, ranar nake son ganin takardar."

A rana ta huɗu da la'asar, Auta ta sami mijinta a tsakar gidansu ya baje kayan aiki a kan buhu, yana goge sufana ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ba wadda ta yi datti. Haka yake in abu ya dame shi, ba ya magana, sai hannu ya yi ta aiki. Ta zauna a bakin baranda.

"Ka ce wani abu mana. Ko zagina ne."

Ya ɗago. "Na san halinki, Auta. Na fi kowa sani. Na san ba da gangan kika yi ba."

"To?"

"To na ji ta da kunnena. Ubana yana ƙasa. In na rufe ido ita nake ji, in na ɗaga waya ita nake ji. Kaina ya gane, amma nan," ya dafa ƙirji, "nan ya ƙi. Ki je wajen Yaya ki kwana biyu, har in san abin da nake ciki."

"Sakina za ka yi?"

"Ban ce ba."

"Amma ba ka ce a'a ba."

Ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ji dariyar ta fara taso mata. Ta tashi da gudu ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta cusa bakin zaninta a baki. Duk da haka ya ji. Da ta fito ba ya nan, sai kayan aikin a jere a kan buhu.

Shagon Yaya, babbar yayarta, ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran waya. Keken ɗinki uku, tebur ɗin yanka, dutsen guga a lungu, zare kala-kala a jikin ƙusoshi. Auta ta karɓi keken da yake can ciki, wanda yake fuskantar bango, ta duƙufa. Kalmasa, sa zif, ɗinkin maɓalli, duk aikin da sauran masu ɗinkin shagon suke gudu ita take yi.

Labari kuwa ya riga ta isowa. Wata kwastoma ta zo karɓar riga, ta rage murya amma ba sosai ba. "Wai ita ce? Wadda ta yi wa surukinta dariya?"

Yaya ta ajiye almakashi. "Ita ce. Kuma ita ta ɗinka rigar da ke hannunki. In ba ta yi miki ba, ajiye, ƙofa tana nan inda kika bar ta."

Da matar ta fita, Yaya ta juyo. "Ke kuma kin zauna kamar an dasa ki! Sati uku, ko leƙowa bai yi ba, ke kuma kullum ido a waya. Wallahi in ni ce, da tuni na je na kwashe kayana, har labulen banɗaki."

"Yaya, ubansa ne fa."

"Ke kuma matarsa ce, ba firjin da aka kawo gyara ba, da za a jingine ki a lungu sai an samu lokaci."

Auta ta ci gaba da taka kekenta. Ta san Yaya, in tausayi ya kama ta faɗa take yi. Duk safiya kuma takan tura wa Dogo kalma huɗu, "Ya jikin Baba yau?" Wani lokaci ya amsa da "Da sauƙi," wani lokaci shiru.

Ranar da ta cika sati shida, da hantsi, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Dogo ne. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"A'a, sannu da zuwa, Injiniya," in ji Yaya. "Firjinmu lafiyarsa ƙalau. Ko takardar ce ka kawo da kanka?"

"Yaya, don Allah. Magana nake so da ita."

Suka tsaya a gefen shagon, wajen tulin gwangwanayen fenti. Ya ce an sallami Baba sati uku da suka wuce. Magana ta fara dawowa, a hankali, kuma ƙafar tana ɗan motsi. Amma wani abu ya ɓullo.

"Kuka yake yi, Auta. Baba! A miƙa masa cokali, sai hawaye. Wani lokaci kuma… dariya. Ranar Lahadi tsofaffin malamai suka zo duba shi, mutum shida. Aka gaya masa babban amininsa ya rasu, wanda suka yi shekara talatin tare. Sai ya fashe da dariya. Ya kasa tsayawa. Mutanen suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka fita."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce ciwon ne ya taɓa wurin da yake riƙe dariya da kuka, hankalinsa lafiya lau. Ya ba da magani. Amma tun ranar Baba ya juya fuska bango. Ba ya son ganin kowa. Ya ƙi zuwa gashin ƙafar a asibiti, ya ƙi motsa jikin da aka ce ya riƙa yi. Likita ya ce in watannin nan suka wuce a kwance, ƙafar za ta sandare ke nan. Mama kuma…"

"Faɗa mini."

"Ta ce ke kika bar mana dariyar a gidan. Ta ce ba sai ya miƙe ba, ranar Asabar take son takardar."

Auta ta dube shi. "Kai kuma me ka zo yi?"

"Ban sani ba. Na fito sayen gas ɗin firji ne, na ga ƙafata ta kawo ni nan."

Ta koma ciki, ta ɗauki mayafi da wata riga da take yi wa ɗinkin hannu, ta cusa a jaka.

"Ina zuwa?" in ji Yaya.

"Gidan Baba."

"Gidan da aka kore ki? Ke Auta, siriyos kike? To tsaya, ki gyara ɗankwalin nan, kada su ce a wahale kike a wajena!"

Mama tana shanya a tsakar gida suka shiga. Ta tsufa a sati shida. Ta yar da zanen gadon da ke hannunta a bokiti.

"Kai, wa ya ce ka kawo mini ita?"

"Ni na kawo kaina, Mama," in ji Auta, ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana. Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana yadda kika bar shi!"

Kamar an shirya, sai ga sauti daga ɗakin ciki. Dariya ce mai kaushi, tana hawa tana sauka, babu ko ɗigon daɗi a cikinta. Mama ta toshe kunne ɗaya da hannu.

"Kin ji? Kin ji abin da kika jawo mana? Mutumin da ko haƙoransa ba a gani!"

Auta ta ji tata tana tasowa. Ta danna harshe a dasashi, ta ja numfashi ta hanci a hankali, ta ƙirga ƙyallayen da ke kan igiya, takwas ne. Ta ɗan lafa.

"Mama, ban sa wa Baba komai ba. Amma abin da ya shiga sati uku, ni shekara ashirin da uku nake cikinsa. Laifina ɗaya, na ɓoye muku. Ni na hana shi faɗa. Ku ba ni minti goma da Baba. In na fito kuka ce in tafi, zan tafi, kuma ba sai Asabar ba."

Mama ta kalle ta, ta kalli ƙofar ɗakin. Dariyar ta koma wani irin nishi. Ta ɗauki bokitinta.

"Cire takalmi. Yanzu na goge wajen."

Ɗakin yana warin man zafi. Hedimasta yana kwance, fuska a bango, ya ja bargo har kunne. Sandar da aka saya masa tana jingine, ko ledarta ba a cire ba. Auta ta yi sallama, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da gadon, ta ciro ɗinkinta.

"Baba, ni ce. Ba zan kalle ku ba. Na san kallon ya fi komai ciwo."

Ta zura zare a allura ta fara aiki. Can sai gadon ya soma girgiza, dariyar ta dawo.

"Ku danna harshe sama, Baba, da ƙarfi. Numfashi ta hanci, a hankali. Yanzu ku nemi abin ƙirgawa. Littattafai nawa ne a kan kantar can? Ku ƙirga su daga hagu."

Ta ci gaba da ɗinki kamar ba abin da ke faruwa. Dariyar ta yi tsalle biyu, ta ragu, ta mutu. Aka jima.

"Sha… bakwai," in ji wata murya mai nauyi.

"Ba kullum take tsayawa ba. Amma tana gajarta. In kuna kwance ku tashi zaune, in kuna zaune ku juya, canjin yana taimakawa. Wadda ta ƙi tsayawa kuma, a bar ta ta wuce. Ba ta kisa, Baba. Da tana kisa da ban kai aji uku ba."

Ta ji yana ƙoƙarin juyowa. Ba ta taimaka masa ba, ba ta waiga ba.

"A ciki…" ya ce, kalma tana fita da ƙyar, "ina… baƙin ciki. Abokina. A waje…"

"Na sani. Ciki daban, fuska daban. Kamar wani ne ya ari bakin mutum."

"Sun… ɗauka… na haukace."

"Don ba wanda ya gaya musu. Kuskuren da na yi ke nan. Da na faɗa wa Mama tun ranar da na shigo gidan nan, da ta ji ni ranar nan ta san ihu nake yi."

Sannan ya ce, da wata murya da ta ɗan yi kama da ta da, "Kawo… kwali. Da… maka."

Ta fita ta samo bayan wata tsohuwar kalanda da maka baƙa, alƙalamin nan mai kaurin baki. Dogo da Mama suna tsaye a bakin ƙofa. Hedimasta ya yi mata shifta, kalma ɗaya-ɗaya, ita tana rubutawa da manyan baƙaƙe:

SANARWA. IN KUN GA INA DARIYA KO KUKA BA DALILI, CIWO NE. HANKALINA YANA NAN. KADA KU TASHI. KU CI GABA DA MAGANARKU.

Ta ɗaga masa ya duba. Ya daɗe yana kallo.

"Layin… ya karkace. Amma… a manna. Kira… su."

Suka shigo. Mama ta zauna a bakin gado tana gyara bargon da ba ya bukatar gyara. Ya ɗauki kusan rabin awa kafin ya gama faɗin abin da yake son faɗa, kuma ba wanda ya katse shi, ko Mama. Ya ce ranar da ya faɗi yana ji yana gani, baki ne kawai ya ƙi. Ya ji dariyar, kuma ta yi masa ciwo ƙwarai. Amma ya ji hannun da ya juya shi, ya kwance masa wuya, ya tallafe kansa daga siminti, hannun sanyi ƙalau kamar ƙanƙara, yana karkarwa. Sati shida yana haɗa abu biyun nan a ransa sun ƙi haɗuwa, sai ranar Lahadin nan.

Sannan ya ce akwai wani ɗalibi, shekaru da yawa da suka wuce. An kawo shi ofis a kan laifin bulala shida. Ana dukansa yana dariya. Hedimasta ya ɗauka raini ne, ya mai da ita sha biyu, yaron bai daina ba, ya kore shi sati biyu. Bai sake dawowa makarantar ba.

"Ko… sunansa… na manta."

Hawaye suka zubo masa. Mama ta yi wuf ta ce, "Malam, danna harshen! Ke, me kika ce a ƙirga?"

Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tsayar da ita.

"A'a. Wannan… nawa ne. Bar ni… in yi."

Suka bar shi ya yi. Mama ta tashi fuu ta fita. Ba a jima ba aka ji tukwane suna karo da juna a kicin, da muryarta tana faɗa da ashana, da wuƙar da ba ta ci, da wanda ya bar murfi a buɗe. Auta ta bi ta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, minti goman sun wuce. In tafi?"

Mama ba ta juyo ba. Tana ta goge tukunya ɗaya.

"Shekara arba'in ina yi wa mutumin nan faɗa a kan magani, a kan hula, a kan komai. Kin taɓa jin ya ce ba na son sa?"

"A'a, Mama."

"To." Ta ja hanci. "Ki tafi ina? Wa zai kai shi gashi gobe? Ni ce zan iya da taurin kansa, ko wancan dogon da ba ya iya buɗe baki? Kin rame kamar ba a ba ki abinci a gidan yayar taki. Ɗauki faranti. Kuma daga yau, in abu yana damunki ki faɗa mini da baki, ni ba boka ba ce!"

Iyakar ban haƙurin da Auta ta samu daga Mama ke nan, kuma ta gane shi sarai.

Da yamma Dogo ya raka ta shago ta ɗauko kayanta. Sun yi nisa a titi, sai da suka zo wajen mai gyaran waya ya tsaya.

"Na bar ki ke kaɗai sati shida. Na san gaskiya, na yi shiru."

"Ka yi."

"Har yanzu ina jin ta wani lokaci. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To in ka ji ta, ka gaya mini. Kada ka je kana goge sufana. Shirun nan naka ya fi zagin Mama zafi, wallahi."

"Na ji. Ki yafe mini."

"Sai ka fara wuce Yaya tukuna," in ji ta. "Tana ciki, kuma almakashi yana hannunta."

Washegari aka cire ledar sandar. Wata huɗu Auta tana raka Hedimasta gashi, Litinin da Alhamis, tana zaune a benci da ɗinkinta. Ƙafar ba ta dawo yadda take ba, amma ta kai shi ƙofar gida, daga baya har bakin titi. Tsofaffin malaman suka dawo, suka karanta sanarwar a ƙofa, suka zauna. In abin ya taso masa, sai su ci gaba da gardamarsu har ya wuce, shi kuma ya ɗora daga inda ya tsaya. Maganar takarda kuwa ba a sake tayar da ita ba, kuma duk matar da ta kawo gulmar Auta gidan, Mama da kanta take raka ta ƙofa.

'Yan uwa, Allah bai yi mu iri ɗaya ba wajen nuna abin da ke ranmu. A gida ɗaya an sami mai dariya don tsoro, da mai faɗa don ƙauna, da mai shiru don baƙin ciki, kuma saura kaɗan aure ya mutu a tsakaninsu alhali ba mugu ko ɗaya. In kana da wani hali da mutane za su iya yi wa mummunar fahimta, ka faɗa wa naka tun ana zaune lafiya. In kuma ka ga naka ya yi abin da ya ba ka mamaki a ranar tashin hankali, kada ka yanke masa hukunci a ranar. Ka yi haƙuri ƙura ta kwanta, ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi abin da ya ji.